Saƙon Da Baba Bai Kai Ba

Baba ya rasu wata ranar Talata da hantsi, a kan kujerarsa ta ƙofar ɗaki, rediyo na magana a gefensa. Kafin rana ta take, gidanmu na unguwar Television a Kaduna ya cika, har sai da samarin coci suka kafa rumfa suka tare layi. 'Yan zumuntar mata suka iso cikin zanensu iri ɗaya, da tulunansu na kiɗa, suka kewaye Mama suna waƙa ƙasa-ƙasa. Mutanen Romi suka zo, na Rido suka zo, na ƙauye suka iso washegari da buhun acca. Wani tsohon makanike Ibo daga Kakuri, wanda ciwon gwiwa ya hana fita shekara da shekaru, 'ya'yansa suka ɗauko shi a keke. Wani Alhaji da suka yi aiki tare da Baba a masaƙa ya tsallako gada daga Tudun Wada, ya cire takalmi a bakin rumfa, ya zauna yana share ido da hannun riga, bai damu da cewa waƙar coci ake yi a kansa ba.

Ni ce babbar 'ya, ni ke karɓar gaisuwa, don haka na ji abin da kowa ya faɗa. Kai ka ce haɗa baki suka yi. Ba wanda ya fara da cewa Baba dattijon ikkilisiya ne, ko ya daɗe yana gyaran injin saƙa. Maganar saƙo kowa ke yi.

Makaniken nan ya riƙe hannuna ya ce, "Babanki, in ka ba shi allura ka ce ya kai Aba, to ka je ka yi barci, allura ta isa Aba."

Alhaji ya ce, "Lokacin da gari ya rikice, ba mai tsallaka gada, shi ya kawo wa tsohuwata maganinta har gida. Na ce masa me ya kai ka, ya ce an ba shi ne."

Da fasto ya tashi yin magana, sai ya ɗora a kai. Ya ce tun da aka san Baba a unguwar nan bai taɓa karɓar saƙo ya dawo da shi ba, ko sau ɗaya. Jama'a suka amsa.

Mama tana zaune a tabarma. Idonta ya rufe fiye da shekara ashirin, amma kunnenta ba ya barin magana ta wuce. Ta ɗaga hannu ta ce, "Fasto, gyara maganarka. Ya taɓa."

Kowa ya juyo wurinta, ta ci gaba.

"Sau ɗaya ya dawo da saƙo, kuma saboda ni ne. Kada ku binne shi da yabon da ba nasa ba, ba zai so ba. Ku bar masa wannan ɗin, ya fi mini duk sauran." Sai ta juya inda ta ji numfashina. "Ke kina wurin, kuma bakinki ba ya gajiya. Ki faɗa musu."

Ranar ban iya ba, kuka ya ci ƙarfina. Shi ne nake faɗa yanzu.

Sai na fara bayyana yadda Baba ke kai saƙo, don yaran da suka tashi da waya a hannu ba za su gane ba. A wancan lokacin samarin unguwarmu da yawa suna Kudu, wani soja, wani ɗan sanda, wani mai gadi, wani direba. Iyayensu yawanci ba su yi boko ba, tarho kuwa sai a ofis. Duk wanda zai yi tafiya, shi ne gidan waya. Kowa yakan karɓi saƙo, amma akasari a bar shi wurin maƙwabci ko a bakin get, a dawo a ce an kai. Baba ba haka yake yi ba. Zai zaunar da mai aike ta faɗi maganarta, ya maimaita mata, ta gyara, ya sake maimaitawa. In ya isa, sai hannun mai shi. A ce masa ya fita, zai nemi benci ya jira. A ce ya bar wa matarsa, sai ya ce, "Ba wurin matarsa aka aiko ni ba." In ya sami mutumin, zai shiga ɗakinsa, ya ci abin da aka ba shi, idonsa na yawo. Ya duba takalmi, ya duba tukunya, ya duba ko Littafi ne a kan tebur ko kwalabe ne a ƙarƙashin gado. In ya dawo, ko gida bai shiga ba zai bi iyaye ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa musu abin da ya gani, ba ƙari ba ragi.

"Ɗanki ya rame, amma ramar aiki ce, ba ta ciwo ba."

"Akwai mace a ɗakin. Ta durƙusa ta gaishe ni da kyau, amma ban ga zobe ba."

Yakan ce mana, "Kuna tsammanin ƙullin daddawan nan ne saƙon? Uwar nan so take a gano mata ɗanta."

Mutane sun so shi saboda wannan hali. Mu na gida kuwa mun sha wahalarsa, don tafiyar kwana biyu a wurin Baba ba ta taɓa zama kwana biyu ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, idon Mama ya fara tafiya. Da farko tuntuɓe take yi da bokiti, tana mana faɗan mun ajiye kaya a hanya. Da aka kai ta asibitin ido, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci nisa. Magani zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Mama ta ce duniya na rufe mata ne daga gefe, kamar ana tura ƙofa a hankali. In rana ta fito tar, tana gani. In hadari ya haɗu ko yamma ta yi, sai inuwa-inuwa.

Ni na raka su asibitin. A cikin bas muna dawowa, da muka kusa Kakuri Baba ya ce, "Maman yara, me kike so ki gani?"

Ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Teku."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Ta ce tun tana yarinya take waƙarsa a coci, tana jin labarinsa a wa'azi, amma babban ruwan da ta taɓa gani shi ne Kogin Kaduna, shi ma in ka tsaya a nan kana hango mai wanki a can. "Ina so in ga ruwan da ba shi da wancan gefe, kafin ƙofar ta rufe."

Baba ya ce, "Ni zan kai ki, da ƙafata."

Ya nemi hutu a masaƙa aka ba shi ɗan guntu. Gari ya ɗan saki a lokacin, kowa na maganar sabuwar gwamnati, direbobi na cewa an rage shingayen soja a hanyar Legas. Ƙanin Mama, Kawu, yana tuƙa motar wani kamfani a can, yana zaune a Agege, sai aka shirya mu sauka wurinsa, ni da Baba da Mama da ƙanwata. Ba biki za mu ba, ba ta'aziyya ba. Yawon buɗe ido kawai, abin da ba a taɓa yi a zuriyarmu ba.

Mama ta san mijinta. Ta ce, "Baban yara, don Allah kada ka faɗa wa kowa." Ya ce to.

Ranar Lahadi, fasto ya ce masu bukatar addu'a su miƙe. Ina cikin mawaƙa, ina kallo Baba ya fara motsi a kujera. Mutum ne da ko Kafanchan ba ya zuwa sai ikkilisiya ta yi masa addu'ar hanya, balle Legas, da iyali gaba ɗaya. Ya daure, ya daure, can sai ga shi tsaye yana gyara hula. Ya ce a sa su cikin addu'a, shi da iyalinsa za su Legas cikin makon nan. Na hango Mama a layin mata ta ɗora hannu a ka.

Ba a gama albarka ba aka fara tare shi a bakin ƙofa. Daga yammacin nan gidanmu ya koma tasha. Acca, citta, daddawa, gauta, riɗi, zuma a kwalba, har da wata mata da ta kawo kaza mai rai, Mama ta kore ta. Kowacce ta zauna ta faɗi maganarta, Baba ya maimaita. Bai ce wa kowa a'a ba, don bai san yadda ake faɗinta ba. Kayan sawarmu duka jaka ɗaya suka shiga, saƙon mutane ya cika buhunan Gana-mas-go har ba su rufuwa.

Ta ƙarshe da ta zo ita ce tsohuwar da ke bayan coci, wadda duk unguwa ke kira Kaka. Ɗanta ɗaya ne a duniya, soja, an tura shi yaƙin Saliyo. An ji cewa an dawo da su Legas, an kuma ji raɗe-raɗin ya sami rauni, amma ba wanda ya yarda ya faɗa mata gaskiya. Ta kawo garin acca da yaji a ƙulle cikin tsohon ɗankwalinta.

Ta ce, "Ba na neman komai a wurinsa. Ka dubo mini shi daga kai har ƙafa, ka zo ka faɗa mini abin da ya rage."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Wannan ƙullin bai sa shi cikin buhu ba, a jikinsa ya riƙe.

Muka hau doguwar bas a garejin Television, muka wayi gari a Legas. Kawu ya zo tarbarmu, ya ga buhuna, ya dubi Baba. Da yake akwai wasa tsakaninsu, ya ce, "Yaya, yawo kuka zo ko kasuwa kuka ƙauro da ita?"

Rana kuwa ta fito tar, irin wadda Mama ke gani da ita. Na ce mu ajiye kaya mu wuce bakin teku. Baba ya ce a'a, gauta da daddawa ba sa jira, a fara sauke na mutane, teku ba inda za shi. Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Damina ce fa, Yaya. Ranar nan aro aka ba mu." Baba ya ce gobe.

To, in ana maganar buɗe ido, mun buɗe. Ni dai na ga bayan gidajen bariki iri-iri, na Ikeja, na Yaba, na Apapa. Na san inda matan soja ke shanya, na san inda suke zubar da ruwan wanke-wanke. Mu shiga danfo, motar hayarsu, da buhu a cinya, mu maƙale a cunkoson motoci, mu sauka, a ce mai saƙo yana bakin aiki, Baba ya nemi benci. In ya zo, sai ya ga mutanen gida ya rikice don murna, ya tura a sayo lemo, matarsa ta ɗora tukunya, kuma wa ya isa ya ce wa Baba a tashi ba a ci ba. Wani saje, ƙato da gashin baki, ya buɗe ƙullin daddawar uwarsa ya sansana, ya juya baya yana kuka. Ba zan ɓoye ba, a irin wannan lokaci nakan dubi Baba in ji kaina ya yi girma. Amma in muka fito na ga rana ta karkata, sai raina ya ɓaci.

Sau ɗaya mun bi ta kan wata doguwar gada, ruwa ko'ina. Ƙanwata ta ce, "Mama, ga shi." Kawu ya ce ba shi ba ne, wannan tafki ne kawai, teku yana gaba. Mama ma tana tsakiyar mota, ba ta ga komai ba sai bayan wani mai kwando.

Kullum gobe. Kuma Mama ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta ɗaura zani, ta riƙe hannun ƙanwata, ta bi mijinta.

Ana gobe za mu koma, saƙon Kaka kaɗai ya rage. Barikin yana can hanyar Badagiri, tafiya ce mai cin rabin yini. Muka isa, aka ce yaron yana kwance a asibitin bariki, ba a ganin majinyata sai da safe, kuma sai da izinin wani ofisa da ya riga ya tashi. Baba ya roƙa, ya ce daga Kaduna uwarsa ta aiko. Sojan bakin get ya tausaya, ya ce, "Baba, ka ba ni, ni zan kai masa." Baba ya gode masa ya mayar da ƙullin hammata.

Lissafin a fili yake. Motarmu za ta tashi da la'asar washegari, hutun Baba ya ƙare, kuma lokaci ne da masaƙa ke neman dalilin sallamar mutum. Safiya ɗaya ta rage. Bariki yana yamma, bakin teku yana can ɗaya ƙarshen gari. Ko wannan, ko wancan.

A barandar Kawu aka yi ta, da yamma, abinci na gabanmu ba mai ci. Kawu ya ce a bar masa ƙullin, ranar Asabar zai kai.

Baba ya ce, "Ba kai aka aika ba."

Na ce to shi ya tafi bariki, ni da Kawu mu kai Mama.

Ya ce, "Ba ke kika yi mata alkawari ba."

Nan na ɗau zafi. Baba yana kirana uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ranar na yi masa magana kamar ita ce ta dawo. Na ce, "Baba, ka ce teku ba inda za shi. Gaskiya ne. Idon Mama ne ke tafiya. Ka gano wa kowace uwa a Television ɗanta, ka duba musu tukunya, ka duba musu takalmi. Matarka abu ɗaya ta roƙa tun da ka auro ta. Ita ba 'yar unguwa ba ce? Ko sai ta ƙulle daddawa ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakinka?"

Ƙanwata na jan zanina ina fizgewa. Har yau ban ce na yi kuskure ba. Muryar ce dai ta yi sama.

Baba bai ɗago ba. Mama ce ta ce, "Ya isa. Ba a yi wa uba haka." Sai ta juya wurinsa. "Baban yara, ka je wurin yaron nan. Uwa tana can ba ta barci. Ni na ji iskarsa a kan gada, na ji ƙanshin gishiri. Ya ishe ni."

Ta faɗa da murya mai daɗi, har da murmushi, kuma duk mun san ba gaskiya ba ne.

Gari ya waye da ruwan sama. Ranar aron da Kawu ya faɗa, mai ita ya karɓi abarsa. Baba ya fito cikin kaftaninsa na Lahadi, ƙullin Kaka a hammata. Na kau da kai, ko gaishe shi ban yi da kyau ba. Sai na ji ya ce, "Maman yara, ɗaura zanenki na zumunta."

Ta ce, "Ina za ni?"

"Inda na ce zan kai ki."

Muka kama hanya. Kafin mu isa ruwan ya koma yayyafi. Muka sauka, muka taka yashi, sai ga shi.  Ruwa har iya gani, yana tasowa yana faɗuwa da ƙara kamar injinan masaƙa sun tashi gaba ɗaya. Amma sama toka, ruwa toka, ba ka iya cewa ga inda wannan ya tsaya wancan ya fara.

Mama ta tsaya, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ware ido. Ta juya kai dama, ta juya hagu.

Ta ce, "Mun iso?"

Baba ya ce, "Mun iso."

"Ina yake?"

Ban taɓa jin tambayar da ta soke ni kamar wannan ba. Ƙanwata ta fashe da kuka. Baba ya kama kafaɗar Mama ya saita ta, ya nuna da hannu. Ta ƙura ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Ina jin ƙararsa. Amma toka kawai nake gani. Ba komai, mu tafi, kada mota ta bar mu."

Na dubi Baba, ina da magana a baki, amma da na ga fuskarsa na haɗiye. Ya san ranakun da suka wuce, ya san wanda ya kashe su.

Akwai abin da ban faɗa ba. Baba yana tsoron ruwa. Tun suna samari, sabbin zuwa birni, Kogin Kaduna ya tafi da ƙaninsa a gaban idonsa, ba a ga gawar ba. Daga ranar ko rafin ƙauyenmu ba ya tsallakawa in ya kawo. In zai haye gada, sauka yake daga keke ya tura, idonsa a kan kwalta.

Wannan mutumin ne ya cire takalmi. Ya zaro ƙullin Kaka daga hammata ya miƙo mini. Tunda nake ban taɓa ganin ya sa saƙon wani a hannun da ba na mai shi ba.

Ya ce, "Uwata, riƙe."

Ya kama hannun Mama. "Daga nesa ne ba ki gani. Zo mu matsa."

Suka taka zuwa inda yashi ya jiƙe. Na ɗauka nan za su tsaya. Suka wuce. Ruwa ya kama idon sawunsu, ya kama ƙwauri. Masu dawakin haya suka fara yi musu ihu da Turancin buroka, wasu masu fararen riguna da ke addu'a a gefe suka dakata suna kallo. Kawu ya ruga yana cewa, "Yaya, ruwan nan yana ja, ku dawo." Baba bai waiwaya ba. Sai da ruwa ya kai musu gwiwa ya tsaya, ya buɗe ƙafafu ya kafe, ya zagaya hannu ya rungume ƙugun Mama, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba.

Sai wata babbar igiya ta taso. Daga inda nake, bayansu kawai nake gani, su biyu ƙanana, ita kuma ta miƙe ta yi fari a sama, ta karyo. Ta buge su har ƙirji, suka yi tangaɗi, ba su faɗi ba. Ɗankwalin Mama ya tafi. Wata ta biyo baya. Cikin wannan ƙara na ji muryar Mama, irin wadda take ɗaga waƙa da ita a zumunta.

"Na gani. Baban yara, na gani."

Suka fito sharkaf. Mama na dariya tana tofar da gishiri. Baba kuwa ya zauna daɓas a yashi, ya kasa ko sa takalmi sai da Kawu ya sa masa. Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara yi shi ne miƙo hannu. Na mayar masa da ƙullin.

Da muka sauka a Television, ya ce mu wuce gida da kaya. Ni na bi shi, don na san inda za shi. Kaka tana bakin ƙofarta, ta hango ɗankwalinta a hannunsa tun daga nesa. Baba, dattijon ikkilisiya, da furfurarsa, ya durƙusa a ƙasa ya ajiye ƙullin a gabanta.

Ya ce, "Kaka, ban ga ɗanki ba. Na je aka ce yana asibitin bariki, in dawo da safe. Ina da halin komawa, ban koma ba. Na kai matata bakin teku."

Bai kawo maganar ruwan sama ba, bai kawo ta ofisa ko ta mota ba. Kaka ta dube shi. Ta ce, "Yana asibiti."

"Haka aka ce mini. Ban gani da idona ba."

"Kai na zaɓa duk unguwar nan."

"Na sani, Kaka."

Ta ɗauki ƙullinta ta shiga ciki ta saki labule. Baba ya daɗe a durƙushe kafin ya tashi.

Magana ta zaga. Wasu suka ce ashe shi ma mutum ne, wasu suka ce ya bar ɗan tsohuwa a gadon asibiti ya tafi wanka da matarsa. Kaka ta sauya wurin zama a coci. Baba bai kare kansa wurin kowa ba, kuma ya hana ni, don ni da na bi su gida-gida. Da wata ya ƙare, ya hau mota ranar Juma'a shi kaɗai, bai nemi addu'ar kowa ba. Ya sami yaron, an yanke masa ƙafa ɗaya daga gwiwa, kunya ta hana shi aiko da labari. Baba ya dawo ya faɗa wa Kaka daga kai har ƙafa, kamar yadda ta nema. Ta yi kukanta, sannan ta tambaye shi ko Maman yara ta ga abin da ta je gani. Ya ce, "Ta ce ta gani. Ni ba a cikin idonta nake ba."

Kafin Kirsimetin shekarar da ta biyo baya ƙofar ta gama rufewa. Baba ya zama sandar Mama har ƙarshen ransa, shi ke kai ta coci, shi ke faɗa mata wanda ya shigo da irin zanen da ta ɗaura. Ba su taɓa tayar da maganar teku a gabanmu ba.

Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai duk shekarun nan. Matar da ta iya cewa ƙanshin gishiri ya ishe ta don ta sauke wa mijinta nauyi, ba za ta iya cewa ta gani ba don ta fitar da shi daga ruwa? In haka ne, Baba ya zubar da sunansa a banza ke nan. Ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba yana raye.

Bayan an yi jana'iza baƙi sun ragu, ina tsefe mata kai a tsakar gida da rana, na ce, "Mama, ranar nan, kin gani da gaske?"

Ta ce, "Ke dai ba kya barin magana ta kwanta."

"Ina so in sani."

Ta ce, "Na gani. Wani farin abu ya miƙe a gabana, ya fi katangar gidan nan tsawo, bakinsa na naɗewa. Bayansa akwai wani, bayan wannan akwai wani, ba iyaka. Na ce ashe da gaske babu wancan gefe. Sai na juya in nuna wa babanki. Fuskarsa tana nan dab da tawa, na gan ta sarai, ita ce fuskar ƙarshe da na gani da kyau a duniya." Ta yi 'yar dariya. "Idonsa a rufe gam. Tun da ƙafarsa ta taɓa ruwa ya runtse su, bai buɗe ba sai da muka fito. Haƙoransa na haɗuwa, amma hannun nan bai sassauta ba."

Na ce, "Wato shi bai ga komai ba?"

"Ko kaɗan. Ni na ba shi labari a mota muna dawowa. Ya sa na faɗa, ya maimaita, na gyara masa."

Ubana ke nan, kuma ina alfahari da shi a gaban kowa. Ubangiji ya ta'azantar da Mama, ya ba mu haƙuri mu da muka rage. Shi kuma ya ba shi hutawa a inda ba sai ya runtse ido ba.